Kundin awannina: hanyar zama matuƙin jirgi da abin da take ci

9 ga Janairu, 2023, Zariya

Yau aka sa hannu a takardar filin Baba. Naira miliyan 40 suka shigo bayan dillalai sun cire la'adarsu. Filin nan tun muna firamare Baba ke cewa na aurenmu ne, yau ga shi ya koma kuɗin makarantar tuƙin jirgi. Bai ce mini uffan ba sai da muka shiga mota, sannan ya ce, "To, ga filinku nan za ka tashi sama da shi. Allah Ya sa ka sauko da shi lafiya." Na ce amin, bakina ya yi nauyi.

Na buɗe kundin nan ne don in riƙa rubuta kowace awa da kowane kwabo. Lokacin da nake tambaye-tambaye babu wanda ya ba ni lissafi a miƙe. Wannan ya ce miliyan kaza, wancan ya ce ai sai ɗan gwamna.

A kusa da Palladan na tashi, ƙananan jiragen Kwalejin Fasahar Jiragen Sama suna kewaya saman gidanmu tun safe, har Umma na gane lokacin ɗora sanwa da ƙararsu. Tun 1964 aka kafa kwalejin, kuma kyaftin-kyaftin ɗin ƙasar nan da yawa nan suka fito. Na nema bara, na ci jarrabawar rubutu, sunana bai fito a jerin ƙarshe ba. Masu nema sun fi gurbi yawa nesa ba kusa ba. Shekarata 26, ba na son in ƙara zaman jira.

Ga tsanin kamar yadda na fahimce shi. Matakin farko lasisin PPL, wanda kake tuƙi da shi don kanka, ba a biyanka ko sisi. Sai izinin tashin dare, sai izinin tuƙi da na'urori kaɗai in ba a ganin waje, sai na jirgi mai inji biyu. Sannan CPL, lasisin da ya halatta maka karɓar albashi, wanda akasari sai ka tara awa 200. Can ƙololuwa akwai ATPL mai buƙatar awa 1,500, shi ke ba mutum damar zama kyaftin a babban jirgin fasinja. Awannina yau: sifili.

21 ga Fabrairu, 2023

Gwajin lafiya ajin farko. Duk mai wannan niyya ya fara da shi kafin ya sayar da ko akuya. Ba kowane likita ke yi ba, sai wanda NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta amince da shi. An duba zuciya da na'ura, an sa mini abin kunne ina danna maɓalli in na ji ƙara, an ɗebi jini da fitsari, sannan aka buɗe littafin nan mai ɗige-ɗigen launi aka ce in karanta lambobin da ke ɓoye a ciki. Wani saurayi da muka zauna benci ɗaya a nan ya tsaya. Bai taɓa sanin ba ya bambance ja da kore sosai ba sai ranar, ga shi mahaifinsa ya riga ya biya kuɗin ajiye gurbi a wata makaranta. An ce akwai ƙarin gwajin da zai iya yi, amma yadda ya fito yana kallon ƙasa ya tsaya mini a rai. Ni na wuce. Wahalar ranar ita ce samun takardun kuɗi na mota, saboda canjin fasalin naira ya sa ko dubu biyu sai an yi layi.

30 ga Maris, 2023

Wata guda ina jera hanyoyi a takarda, Yaya na taya ni da kalkuleta.

Gida ya fi sauƙi a aljihu, domin da naira ake biya. Ban da Zariya akwai kwalejin Ilori. Sai dai na Zariya sai an sake buɗe ɗauka.

Amurka: jirage kamar ƙasa, filaye ko'ina, a Florida da Arizona kusan kullum ana tashi. A makarantun da tsarin karatunsu ya samu amincewar FAA, hukumar jiragen samansu, ana iya yin CPL da awa 190, a sauran kuwa 250. Manyan makarantunsu sun kai dala dubu ɗari, wasu sun haura. Ga biza, ga binciken jami'an tsaro da ɗaukar hoton yatsu da aka ɗora wa baƙi tun bayan harin 11 ga Satumba, 2001. Wani abin da 'yan uwa ba su sani ba: tun 2013 ba a zama ko mataimakin matuƙi a kamfanin fasinja na Amurka sai da lasisin ATP, ATPL ɗinsu ke nan, wato awa 1,500 ga yawancin mutane. Dokar ta biyo bayan faɗuwar jirgin Colgan a kusa da Buffalo a 2009. Saboda haka yaransu koyarwa suke yi shekara biyu su tara awanni. Baƙo mai bizar karatu ba lallai ya samu wannan ƙofar ba.

Turai: ko ka shiga kwas ɗin bai-ɗaya daga sifili har ƙarshe, ko ka riƙa yi gutsure-gutsure kana biya. Jarrabawar rubutu 13 ce. A Ingila kwas ɗin bai-ɗaya na cin fam dubu ɗari, kuma tun da suka fice daga Tarayyar Turai lasisinsu daban, na Turai daban. Na rufe wannan shafi da wuri.

Habasha na da makarantar kamfanin Ethiopian a Addis Ababa, suna yin wani lasisi da ake kira MPL, wanda tun farko ake horar da kai don aikin mutum biyu a babban jirgi. Kyansa in kamfani ya riƙe hannunka. In babu kamfani a bayanka, ka ɗaure kanka ne.

Afirka ta Kudu muka tsayar. Makarantar da na zaɓa tana wani ƙaramin fili a yankin Pretoria. Takardarsu ta ce rand 950,000 daga sifili zuwa CPL da na'urori da inji biyu. A farashin gwamnati na kusan naira 460 kan dala, ta hanyar Fom A, takardar neman dalar kuɗin makaranta a banki, bai wuce miliyan 26 ba. Ragowar ta isa haya da abinci ko da a Wapa aka canza. Yaya ya ja layi biyu a ƙarƙashin lissafin ya ce, "Har da canji." Muka yi dariya.

16 ga Yuni, 2023

Shekaranjiya Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da muka lissafa a 460 ta wuce 700 a kwana biyu. Fom A ɗina na kwance a banki tun Afrilu, kullum "ana kan aiki". Yanzu ko ya fito babu sauran rangwame a cikinsa.

Mun yi zama a falon Baba. Kawu, wanda ya san kasuwa, ya ce a canza kuɗin gaba ɗaya yau-yau. Ni da Yaya muka ce a'a, ruɗani ne na 'yan kwanaki, za ta sauko. Aka raba gardama: miliyan 25 a mayar dala, miliyan 13 a bar su a banki. Kawu ya karkaɗe babbar rigarsa ya ce, "Ku 'yan boko ne, ni ɗan kasuwa ne. Ban taɓa ganin ta hau ta sauko inda ta baro ba."

4 ga Satumba, 2023, Pretoria

Na iso makonni biyu da suka wuce. Bizar karatu ta ci wata biyu, sai da na nuna inshorar lafiya ta ƙasarsu. Sanyin safiya a nan ya fi na hunturun Zariya cizo, kuma abin mamaki su ma ana ɗauke musu wuta, sai dai da jadawali a waya, an gaya maka ƙarfe kaza za a ɗauke kuma a ɗauke ɗin. Ranar Juma'a ina zuwa Laudium, unguwar Indiyawa, can nake samun masallaci da naman halal.

Yau na fara tashi. Cessna 172, kujera huɗu, ta girme ni a shekaru. Kafin a shiga sai an kewaya ta: a taɓa taya, a duba farfela ko ta tsage, a zaro sandar man inji, a tsiyayi mai daga ƙarƙashin fiffike cikin ɗan kofi a ɗaga shi sama. Man shuɗi ne, in akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a gindi kamar ƙwallon gilashi. A ƙasa, da ƙafa ake juya jirgin, ni kuwa hannuna sai murɗa sitiyari yake kamar mota, malamina yana ta murmushi. Da gudu ya kai 55 a mita ya ce in ja a hankali. Ƙasa ta sake mu. Na yi bisimilla a bayyane, na manta makirufo na bakina.

Abin da ba a rubuta a takardar talla ba shi ne wani ɗan agogo a gaban jirgi da ke fara ƙirga tun aka tayar da inji. A makarantarmu awa ɗaya da malami rand 3,100 ce. Yau mun tsaya minti goma sha ɗaya a bakin titi muna jiran jirage uku su sauka, agogon na tafiya. Na lissafa a zuci: buhun shinkafa ya ƙone ban motsa ba.

Awanni: 1.1

19 ga Oktoba, 2023

Tashi ba wuya, sauka ce aiki. Ko in ɗaga hanci da wuri jirgin ya yi ta shawagi sannan ya faɗo tim, ko in makara mu daki titi mu yi tsalle kamar kwaɗo. Malamina ya ce idona na kafewa a gaban hanci, in riƙa kallon can ƙarshen titi. Ga rediyo. Turancina na jami'a bai hana ni daburcewa ba in mai hasumiyar ba jirage umarni ya zubo magana da harshen Turawan nan. Na koma sauraron hasumiya da dare ina maimaitawa, Alfa, Bravo, Zulu, Sierra, har abokin ɗakina ɗan Kongo ya ce ina yi cikin barci. Dole ne, don sai ka ci gwajin Turancin jirgi aƙalla mataki na 4 a ma'aunin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya.

Awanni: 14.6

23 ga Nuwamba, 2023

Mun yi kewaye uku, saukar duk ta yi laushi. Sai malamina ya ce in tsaya a gefe, ya kwance bel, ya ɗauki jakarsa, ya ce, "Kewaye ɗaya. Kada ka yi mini ado." Ya rufe ƙofa ya tafi.

Jirgin da babu nauyinsa sai ya zabura sama kamar an sako ɗan maraƙi. Ina juyawa ta biyu na waiga kujerar dama, babu kowa, sai bel a kwance. Nan cikina ya ɗuri ruwa. Na kama karanta jerin abubuwan dubawa da ƙarfi kamar mai tilawa. Na daidaita gudu a 65, na rage totur, na kalli ƙarshen titi. Tayoyin suka ce ƙyit. Mai hasumiya ya taya ni murna ta rediyo, ɗalibai suka tare ni da bokitan ruwa, haka al'adarsu take. Na kira Umma jiƙe sharkaf, ta ce, "Kai kaɗai? Shi malamin ina ya tafi ya bar ka?" Sai da na yi ta rantsuwa cewa haka tsarin yake.

Takardar makaranta ta ɗauka a awa 15 zan yi wannan. A 21.4 na yi. Awa shida ke nan da ba su cikin lissafin Yaya.

17 ga Janairu, 2024

Nan yanzu bazara ce da damina a haɗe. Da safe garau, kafin azahar hadari ya taso kamar duwatsu, tsawa da ƙanƙara. A mako biyu sau biyar ana soke mini tashi. Ba a cajin awar da ba a tashi ba, amma haya na tafiya, ciki na ci, hannu kuma na mantuwa, sai ka sake biyan awa don ka dawo inda ka tsaya. Filinmu ya haura ƙafa dubu huɗu daga teku, kusan kamar Jos. In rana ta take iska na yin sirara, injin ya rasa ƙarfi, jirgin ya yi ta gudu a titi kamar ba zai tashi ba.

Na faɗi jarrabawar yanayi. Ana neman 75, na samu 71, kuma laifina ne. Na saba kallon darussan Amurkawa a YouTube, na haddace yadda iska ke kewaya wurin da nauyinta ya yi ƙasa. Ashe a kudancin duniya akasin haka take juyawa, tana bin hannun agogo. Kuskuren kamfas a lokacin juyawa ma a juye yake. Har arewar kamfas a nan ta kauce wa arewar taswira da kusan digiri ashirin, alhali a gida bambancin bai taka kara ya karya ba. Na biya na sake zama.

24 ga Fabrairu, 2024

Dala ta wuce naira 1,800 a kasuwar bayan fage cikin makon nan. Miliyan 13 da muka bari a banki, waɗanda a watan Yuni za su sayi dala dubu goma sha shida da ɗoriya, yau ba su kai dubu takwas ba. Ban tashi ba, ban yi kuskuren sauka ba, ina kwance a ɗaki rabin kuɗin ya narke.

Na kira Kawu na ce, "Kawu, kun faɗa ba mu ji ba." Ya ce, "Bar wannan, ɗana. Awa nawa ta rage?" Tun daga ranar na daina lissafi da naira. Na ja sabon jadawali: awa nawa na yi, awa nawa ta rage, rand nawa kowace ke ci. Naira ba ta tsayawa a auna ta.

'Yan Najeriya biyu sun tattara sun koma gida a watan nan, ɗaya da awa 80 a littafinsa.

20 ga Maris, 2024

Azumi. Na roƙi a riƙa sa ni tashin farko, ƙarfe shida, ina da sauran ƙarfin sahur. Ranar da aka sa ni tafiya mai nisa da rana na gwada, a hanyar dawowa na ji kaina na sarawa, na karanta lambar rediyo sau biyu ban riƙe ba. Darasin lafiyar matuƙi ya riga ya gaya mana abin da ƙishirwa ke yi wa tunani a sama. Na tambayi malamin da nake karatu wurinsa a gida, ya ce matafiyi na da rangwame in tafiyar ta kai, in rama daga baya. Kwana uku na sha.

14 ga Mayu, 2024

PPL ta samu. Doka a nan ta ce awa 45, ni a 62.8 na yi gwaji. Na tambayi waɗanda suka riga ni, da wuya ka ji wanda ya gama a 45 ɗin. Farashin takarda an gina shi ne a kan mafi ƙarancin da doka ta yarda, da ɗalibin da ba ya kuskure, da sama marar hadari. Ban ce ƙarya suka yi ba, amma ba gaskiyar duka ba ce. Ga kuɗin sauka a filayen wasu, kuɗin mai jarrabawa, abin kunne, littattafai, taswira, da ƙarin farashin mai da aka yi mana sau biyu.

Naira ta ɗan farfaɗo a Afrilu, dala ta sauko wajen 1,200. Wannan karon ba mu yi gardama ba, Kawu ya canza abin da ya rage nan take.

28 ga Yuli, 2024

Wani ɗalibi ya dawo makarantarmu daga wata da ta rufe. Ya biya kuɗin kwas gaba ɗaya saboda an yi masa ragin kashi goma, ya yi awa 40, wata safiya suka tarar da kwaɗo a ƙofar rumfar jirage. Yanzu lauyoyi ke magana. Ni ma an yi mini irin tayin nan da na zo, Baba ne ya hana, ya ce ba a biyan tela kuɗin ɗinkin shekara. Awa goma-goma nake sakawa a asusuna, in ta ƙare in ƙara.

Mu ma ba mu tsira ba. Jirage biyu cikin biyar suna hannun makanikai, ɗaya na jiran kayan gyara daga waje tun watan jiya. Ɗalibai talatin a kan jirgi uku, har an fara 'yar tsama a wurin rubuta suna. Wanda zai zaɓi makaranta ya tambayi jirage nawa ke tashi yau, ba nawa ke cikin hoto ba, ya kuma nemi ɗalibin da ke ciki ya yi masa tambayar a keɓe.

Kuɗin fili ya ƙare ƙarƙaf. Umma ta kai gwal ɗinta kasuwa ba ta gaya mini ba, a bakin ƙanwata na ji.

11 ga Oktoba, 2024

Tara awanni. CPL na son awa 100 da kai ne shugaban jirgi, saboda haka yawo ake yi daga gari zuwa gari. Mu biyu muke haɗuwa da ɗan Kongo, in na tuƙa zuwa ya tuƙo dawowa, kowa ya rubuta nasa. Jiya na yi doguwar tafiyar da doka ta wajabta, mil 300 na teku da sauka a filaye biyu. Na bi babbar hanyar N1 zuwa Polokwane, na karkata Mbombela, na hauro duwatsu na dawo. Awa huɗu da ɗoriya, ni da gorar ruwa da dabino.

Izinin dare ma ya samu. Johannesburg da dare kamar an watsa garwashi a faranti. Malamin ya nuna mini wani wuri baƙi ƙirin ya ce, "In inji ya mutu can za ka nufa. Ka kunna fitilar sauka, in abin da ka gani bai yi maka ba, ka kashe ta." Barkwancinsu ke nan.

Baba ya sa gidan hayarsa na Samaru a kasuwa.

Awanni: 131.5

6 ga Fabrairu, 2025

Tuƙi da na'urori. Ana sa maka wani tabarau da ya toshe ko'ina sai allon gabanka. Ranar farko na rantse jirgin ya karkata dama, jikina duka na faɗa mini haka, na'ura kuwa ta ce a miƙe muke. Na bi jikina. Cikin daƙiƙa ashirin malamin ya ce in cire tabarau: mun kwanta hagu, hanci na kallon gonaki. Ruwan da ke cikin kunne ne ke yaudarar mutum in ido bai ga sararin sama ba. Wannan karatun ya fi kowanne shiga raina, don na san hazon Disamba da Janairu a Kano, lokacin da rana ke zama kamar faranti kuma jirage ke kasa sauka. Wanda zai yi aiki a arewa da wannan zai ci abinci.

Sauƙin da aka samu shi ne wani kaso na awannin ana yin sa a na'urar kwaikwayo a ƙasa, kuɗinta bai kai rabin na jirgi ba. Mai inji biyu kuwa rand 6,400 ce awa, kuma rabin darasin kashe inji ɗaya ake yi a ga yadda za ka yi. Ka biya kuɗin biyu ka tashi da ɗaya, ƙafarka na rawa a kan feda.

19 ga Yuni, 2025

Alhamdu lillahi. CPL da izinin na'urori da na inji biyu, a awa 213.7. Wata 22 maimakon 14 da aka ce.

Ga lissafin. Makaranta da jarrabawa da kayan karatu: rand miliyan 1 da dubu 52. Haya, abinci, inshora, sabunta biza da gwajin lafiya: kusan rand dubu 205. A naira, in aka haɗa duk abin da ya fita daga gidanmu tun daga ranar fili, miliyan 83 da 'yan kai. Ƙarin da makaranta ta jawo bai wuce kashi goma sha ɗaya cikin ɗari ba. Sauran duk faɗuwar naira ce da watanni takwas na zaman jiran sama da makanikai. Da mun bi maganar Kawu a ranar 16 ga Yuni, da gwal ɗin Umma na nan.

2 ga Satumba, 2025, Zariya

Na dawo. 'Yan unguwa sun fara kirana Kyaftin, na gaji da gyara musu. Wata gwaggona ta tambaya ko ni zan kai su Umara bana.

Ashe da sauran rina a kaba. Lasisin Afirka ta Kudu sai an mayar da shi na Najeriya: NCAA za ta tabbatar da shi daga hukumar can, in rubuta jarrabawar dokokin sama na gida, in sake gwajin lafiya. Na miƙa takardu. Bayan wannan akwai babban dutsen. Kowane babban jirgi da nasa izinin daban. Mai izinin Boeing 737, irin na Max Air, ba zai hau Embraer 145 irin na Rano Air ba sai ya koma aji. Kwas ne na 'yan makonni a na'urar kwaikwayo, amma abin da ake faɗa mini ya kama daga dala dubu ashirin zuwa talatin in an haɗa da tikiti da masauki. Wani kamfanin yakan biya maka ya ɗaure ka da yarjejeniyar shekaru, wani ya ce ka zo da abinka, kuma ya fi son mai awa 500 a kan jirgin. Inda mai awa 213 zai samo 500 ɗin ba wanda ke faɗa.

Ba yau aka fara ba. A 2013 gwamnatin Kano ta tura matasa ɗari Jodan koyon tuƙi, suka dawo da lasisi, da yawansu suka daɗe suna jiran wannan mataki. Na zauna da ɗaya daga cikin irin waɗannan 'yan uwa a Kano makon jiya. Shawararsa ita ce kada in sayi izinin jirgi sai na ga takardar ɗauka a hannu, domin izinin na tsufa in ba a tashi da shi, kuma ka iya sayen na Boeing aiki ya fito a Embraer.

Shi kansa lasisin ci yake ko yana aljihu. Gwajin lafiya duk shekara, izinin na'urori duk shekara, ga hannu da ke sanyi.

27 ga Oktoba, 2025

Na rubuta jarrabawar dokoki, ina jiran sakamako. Takardar neman aiki ta tafi kamfani shida, har da masu jiragen haya na Abuja. Ɗaya ya amsa da cewa sun ajiye ta.

Jiya bayan isha'i na kai wa Baba lissafi biyu. Na farko izinin Boeing, wanda ya fi ƙarfin abin da ya rage daga kuɗin gidan Samaru. Na biyu kwas ɗin zama malamin tuƙi, wanda bai kai rabin wancan ba, albashinsa kaɗan ne amma kowace awa da ɗalibi tana shiga littafina kuma ba ni ke biya ba. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wato a wannan su za su riƙa biyan agogon?" Na ce eh, Baba. Ya ce in kira Kawu da safe.

Na tura wa makarantu uku tambaya: kuɗin kwas ɗin malanta, jirage nawa ke tashi a yanzu, da ko suna riƙe wanda suka horar. Gwajin lafiyata zai ƙare 18 ga Fabrairu.

Awanni: 213.7, ba su motsa ba tun Yuni.